Wanda Ya Matso da Fitila a Faƙon Ɓaure

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka iya karatu kuka kasa gaisuwa, wannan babin shi ne ya sa na sayi littafi da biro tun farko. Abin da kuka karanta a baya, na haihuwata a Gagarawa da yadda na yi aji huɗu a elementare aka sallame ni saboda ilimi ya fara yi mini yawa, duk share fage ne. Na san abin da ake faɗa a kaina a dangin uwarku. Na san shi da Hausa, na san shi da Fulatanci, domin wanda ya shekara arba'in da Bafulatana a ɗaki, ko kansa na dutse ne yana gane abin da ke bin bayan sunansa. Ana cewa Ilu ya samu aikin Turawa, hannunsa bai iya ba, ya fasa tanki, ya kashe shanun mutane. Kai Lawan, ranar wani taron suna na ji kawunka yana ba abokanka labarin, kana dariya har da riƙe ciki. Ni dai na ci shinkafata. Yanzu duk wanda maganar za ta kunyata ya riga mu gidan gaskiya, saura ni, ni kuwa kunyata ta zube tare da haƙorana.

Shekarar da aka canja kuɗi ce, wadda damina ta leƙo ta ga halinmu ta koma. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tafkunan da a da sai bazara suke ƙafewa, kafin kaka sun tsage. Shanu suka riƙa gangarowa daga Damagaram ta Maigatari, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota. A lokacin an ba wani kamfani kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙasar Gumel, kowace rijiya da injinta da tankinta a kan dakalin siminti. Tankunan ba na ƙarfe ba ne. Wani abu ne da ake kira faiba, shi ba roba ba, shi ba gilashi ba, mutum huɗu sun ɗauke shi, amma in ya tsage babu maƙerin da zai iya masa, babu mai walda. Ni an ɗauke ni lebura a yadin kamfanin a Gumel, ɗaukar bututu. Rannan Baturen da ke kula da tankuna ya ga na karanta lambar da ke jikin wani akwati ban juya ta ƙasa a sama ba, ya ce wannan malami ne, a ba shi. Sunansa ba ya fita a bakinmu, muna ce masa Mai Tsumma, don kullum da tsumma a hannu yana goge wuya, ko da ɗari ake.

Shi ya koya mini facin tanki, kuma zan faɗa muku yadda ake yi, ku daure, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane ubanku ba. Ana kankare bakin tsagar da samfefa har ya yi fari. A yanka wani ƙyalle da aka saƙa da zaren gilashi, mai ƙaiƙayin da sai ka kwana uku kana susa kamar mai ƙazuwa. A dama gam da 'yan ɗigon maganin da ke sa shi daskarewa, a shafa, a shimfiɗa ƙyallen, a sake shafawa, a sake shimfiɗawa, ana danne iska tana fita. Da bazara gam ɗin da kansa yake kamawa, har ya fi ka sauri. Da ɗari kuwa sai ya yi fushi, ya kwana biyu yana danƙo kamar kunun da aka manta a ƙwarya. To a nan jar fitila take shigowa. Wani ƙwai ne ja, ya kai ɗan duma girma, a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ana jona shi da injin rijiya. Ba haske ake so a wurinsa ba, ɗumi ake so. A gefen facin ana manna ma'aunin zafi, irin na asibiti amma ya fi shi tsawo, Mai Tsumma ya ja masa layi da jan fenti. Zafin zai hau a hankali, ya zauna a ƙarƙashin layin nan daga hantsi har la'asar, sannan a riƙa janye fitilar kaɗan-kaɗan har wurin ya huce, sannan a bar shi yini guda cur kafin ruwa ya taɓa shi.

Hausarsa kamar an tsinto ta a hanya, amma wannan darasin ya fita:

"Wuta nesa, Ilu. Kamu biyu. Kusa, ya mutu."

Bai tsaya ga faɗa ba. Ya sa na yi faci a kan wani ɓallin tanki, ya ce in matso da fitilar da hannuna in ga abin da zai faru. Na gani. Saman ya riga cikin daskarewa, tururin da ke ciki ya rasa hanya ya tada ƙuraje, jikin tankin da ke ƙarƙashi ya yi laushi ya saki. Launin ya tashi daga na zuma ya koma na ƙanzo. Abin takaicin, facin da ya ƙone ya fi mai kyau ƙarfi a ido, in ka ƙwanƙwasa shi ya fi amo. Ya miƙo mini ya ce in karya. Da yatsa biyu na ɓalle shi kamar ɓawon gyaɗa. Don haka kada wani ya ce muku ban sani ba. Na sani sarai, kuma sanin nan shi ne ciwon.

Uwarku Dija, Allah ya jiƙanta, a lokacin shekararmu ɗaya da aure, tana da cikin Lawan. Ubanta Ardo Manu kun taso kun ji sunansa, kuma abin da kuka ji gaskiya ne. Mutum ne mai kyauta, mai magana ɗaya, ya ba Bahaushe manomi 'yarsa alhali danginsa duka suna tsaki. Ya kuma shahara da lalas. In saniya ta yi targaɗe ko kumburi, daga nesa ake koro ta, ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ɗora mata, ta tashi. Sai dai ku yaran yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna gardamar ƙwallo, dole in fassara muku surukuta kamar wani yare. A zamaninmu in ka hango surukinka, tun daga nesa za ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka kama sunansa, ba ka cin abinci inda yake. In magana ta zama dole, ba shi za ka gaya wa ba, sai ka sami wani a gefe ka gaya masa, shi kuma ya ba da amsa ta wannan mutumin, alhali ku ukun kuna jin numfashin juna. Wannan a Hausa ke nan. A wajen Fulani ka ninka.

Ana tsakiyar ɗari saƙo ya zo yadi cewa tankin Faƙon Ɓaure, tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, ya tsage, bijimai sun yi faɗa sun bangaje shi. Rijiyar wurin ruwanta siriri ne, bai fi kaurin yatsa biyu ba. Tankin ne ke tara shi yini da kwana, da safe a buɗe wa kwami, shanu su sha, matan ƙauyukan kewaye su ɗiba. Babu tanki, sai ɗan zirin nan a kwami ɗaya, garke goma a kansa. Mai Tsumma ya tafi Kano neman kaya, heluma, shugaban leburori, ya dube ni ya ce ai kai ne malamin gam, hau mota. Aka sauke ni da akwatina da fitilata. Ranar ce farkon fitata ni kaɗai, har na karkata hula.

Tsagar ta kai tsawon hannu, can ƙasa kusa da dakali. Tun da sassafe na fara, yatsuna suna ƙagewa don sanyi, shanu sun kewaye wurin har inda ido ya ƙare, ba sa ko kuka sosai, sai huci. Mai gadin injin wani dattijo ne, Baba Mamman, da ƙarar inji ta cinye masa rabin kunne. Ina gaya muku ba don yabon kai ba, ko da yake in ban yabi kaina ba ban ga mai shirin yi ba: ban taɓa yin faci mai kyan wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Ko ƙwayar iska babu a ciki. Na kafa fitila, na auna kamu biyu da hannuna, na ajiye dutse a gindin ƙafarta don shaida. Ma'auni ya fara hawa sannu-sannu kamar mai ladabi. Na zauna ina kallonsa ina jin kaina injiniya.

Da hantsi sai na ga mutane suna darewa. Ardo Manu ne. Ashe garkensa na cikin waɗanda ke wurin, kwana uku ke nan suna lasar ɗan zirin nan. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa iska. Ya zaga tankin, ya dubi facin, ya dubi fitilar, ya sa tafin hannu a tsakaninsu ya daɗe. Sannan ya juya ga mai gadi.

"Mamman, wutar nan wa take tsoro?"

"Ardo?"

"Na ce ta yi nisa. Wannan ɗumin ko kaska ba zai dama ba."

Na sunkuyar da kai na ɗaga murya yadda kurma zai ji, na ce, "Baba Mamman, Bature ya ce gam ɗin nan a hankali yake so. Kamu biyu ya ce, kada a rage."

"To," in ji Baba Mamman.

"Mamman," in ji Ardo, "Baturen yana da saniya a nan?"

"Ban ga tasa ba, Ardo."

"Yaushe za a zuba ruwa?"

Na ce, "Baba Mamman, yau a gasa, gobe ya huta, jibi a zuba."

Ardo ya waiwaya. Kusa da mu akwai wata farar saniya da ta durƙusa tun safe, an ɗaga ta sau biyu tana komawa. Ya nuna ta da haɓa.

"Mamman, je ka gaya wa waccan jibi."

Babu wanda ya yi dariya. Sai ya miƙa sandarsa ya saƙalo ƙafar ƙarfen, ya jawo fitilar a hankali, tana jan ƙasa, ta wuce dutsen da na ajiye, har sai da ya rage taƙi ɗaya tsakaninta da facin.

"Tun ban yi gemu ba nake sa wa dabba wuta," in ji shi. "Ban taɓa ganin wadda ta warke daga nesa ba."

Da ya yi haka ya tafi, da babu wannan babi. Kafin ya kai bayan garke na mayar da ita. Amma sai ya sa aka shimfiɗa masa buzu a nan gindin tankin, ya zauna, ƙannensa da manyan makiyaya suka zazzauna a bayansa, ana jiran a ga aikin Ardo. Ni ina durƙushe, takalmi a hannu, ma'auni yana daidai idona. Na ga ya hau, ya taɓa jan layi, ya ɗan tsaya kamar yana tambayata, ya wuce. Tsakanina da fitilar taku uku ne. Na sha zuwa Gumel daga Gagarawa a ƙasa, na taɓa bin raƙumi har Damagaram, amma ban taɓa ganin tafiya mai nisan takun nan uku ba. In na tashi na janye ta, na warware abin da hannun surukina ya ƙulla a gaban mutanensa, na ce masa jahili ba tare da na buɗe baki ba, ni da ya ba 'ya ana hana shi. Za ku ce ai ruwan jama'a ya fi kunya. Haka ne. Ni ma yanzu na iya faɗar haka, a kan kujera, da shayi a gabana.

Na yi dabara irin ta matsorata. Na ce wa Baba Mamman inji ya yi zafi, a kashe shi ya sha iska. Ya kashe, fitila ta mutu, amma ɗan zirin ruwan ma ya tsaya, shanu suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Ardo bai ko juyo ba, ya ce, "Mamman, tada shi." Aka tada. Ka ga na ƙara wa facin ciwo, zafi, sanyi, zafi. Na sa rai da azahar zai tashi ya nemi inuwa ya yi salla. A kan buzun nan ya yi ta, ni ina sahun baya, ina sujada ina jin warin gam yana sauyawa, kamar an ƙona sukari da taya wuri ɗaya. Da muka sallame na saci kallo. Zumar ta koma ƙanzo, ƙuraje sun fito a gefe-gefe, ƙanana, sai wanda ya san su zai gan su. Da la'asar Ardo ya tashi ya ƙwanƙwasa facin da gindin sanda. Ya yi amo kamar sabuwar tukunya. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani ya ce ai Ardo ko ƙarfen Nasara ya san maganinsa.

"Mamman, a zuba ruwa."

Na ce, "Baba Mamman, da an bari ko zuwa gobe." Amma a wannan karon muryar da na yi ko mai kunne biyu sai ya matso. Aka jona bututu.

Washegari da hantsi tanki ya kusa cika. Mata sun yi layi da tuluna da jarkokin da ake ce wa bido, makiyaya suna ta dukan shanu baya. Facin yana nan. Ba zan ɓoye muku ba, har na fara cewa a raina wataƙila Mai Tsumma tsoro ne ya yi masa yawa, wataƙila gam ɗin ƙasarmu daban yake. Sai na ji wata ƙara kamar an yage sabon yadi. Facin ya ɓalle ɗungurungum kamar ɓawon gyambo, tsagar ta ruga sama har baki, tankin ya buɗe biyu. Ruwan da ya kwana yana taruwa ya fito lokaci ɗaya ya doki rumfar inji da ke gangare, injin yana aiki, ya yi tartsatsi, ya yi tari, ya mutu. Shanu suka ɓarke suka afka wa taɓon, suna tattake juna suna lasar ƙasa. Wata mata ta tsaya da tulunta a kai, babu komai a ciki, tana kallona. Kafin azahar rairayi ya shanye komai, wurin kamar ba a taɓa zuba ruwa ba.

Injin nan bai sake tashi ba sai da damina ta faɗi, don kayansa ba a Kano suke ba. Garkuna suka watse, wasu suka bi ta Gagarawa suka yi kudu neman fadama. Wanda ya bi hanyar a watan nan ba ya bukatar mai nuna masa ita, mushe ne ke jere. Matan ƙauyukan suka koma tsofaffin rijiyoyi masu gaba talatin, tafiyar rabin yini. Ni na tsinci facin a cikin taɓo na sa a akwati, don doka ce a mayar da shi, na biya gida kafin in amsa kiran yadi.

A tsakar gidanmu na faɗi yadda aka yi, sau ɗaya tak a rayuwata kafin yau. Mutum uku suka ji: Iya da ta haife ni, wana Yaya Haruna, da Dija tana bakin murhu ta ba mu baya. Ku tuna a shekarar nan babu ko damin gero ɗaya a rumbunmu. Albashina shi ne gonar gidan.

Yaya Haruna ya ce, "Kai ka ja fitilar?"

Na ce ba ni ba.

"To me ya rage? Ka je ka faɗa. Kamfani bai san suruki ba."

Na ce in na faɗa, takarda za ta tafi gaban hukuma, ɓarnar kayan gwamnati ce, sai an kai shi gaban alƙali.

"A kai shi mana," in ji Iya. "Da ya ja ta, shawararka ya nema? Ilu, ban goya ka don ka zama tabarmar Fulani ba. Ka dubi yaran Haruna. Kunya za su ci?"

Dija ba ta juyo ba sai da suka fita. Ta sauke tukunya, ta zo ta tsuguna nesa kaɗan, da ƙyar saboda ciki.

"Malam, in aka tambaye shi ba zai yi musu ba. Zai ce shi ne. Za su kwance masa rawani a gaban mutane."

Na ce na sani.

"Shanun sun tafi. Sunan nan kaɗai ya rage masa."

Na ce, "Ni fa? Nawa sunan fa?"

Ta ce, "Kai yaro ne, Malam. Za ka yi wani."

Ba ta ce za ta tafi gidansu ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi ɗaya daga ciki da na sami abin yin fushi da shi, da ya fi mini sauƙi. Uwarku mace ce mai hankali, duk abin da ta faɗa a zamanmu yakan tabbata, ban da wannan. Ban yi wani sunan ba.

A ofishin yadi Mai Tsumma ya karɓi facin ya jujjuya, ya kai hanci, ya ɓalli gefensa da yatsa biyu. Akawu yana tsaye don fassara, amma bai bukace shi ba.

"Wuta kusa."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Wa?"

Na ce ni ne.

Ya goge wuya, ya yi wa akawu dogon Turanci. Akawu ya ce, "Yana cewa ya san mutanen daji suna taɓa kayan aiki. In wani ne ya sa hannu, ka faɗi sunansa a rubuta, kai ka koma bakin aikinka. Ya ce ƙofa ce ya buɗe maka, Ilu, kada ka yi wauta."

Na ce na ga shanu suna mutuwa ne, na yi gaggawa.

Mai Tsumma ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kai ba wawa, Ilu."

Na ce, "Ranar na zama, ranka ya daɗe."

Ya buɗe akwatina ya zare ma'aunin zafin ya sa a aljihunsa, ya tura wa akawu sauran. Ko tsawa bai yi mini ba. Na fito ta ƙofar yadi da hulata a hannu, leburorin da muka ɗauki bututu tare suna ta duban ƙasa.

Da kwangila ta ƙare, duk wanda ke yadin aka mayar da shi ma'aikacin gwamnati. Wanda aka ba fitilata, mutumin da sai an nuna masa inda kan ma'auni yake, ya yi ritaya da fansho da gidan bene a Gumel, in mun haɗu a jana'iza yakan kira ni malam. Yaya Haruna ya tafi cin rani Kano a watan nan don gidan ya ci abinci, ya bar mini gaisuwa a bakin wani, bai sake zama a Gagarawa ba. Iya ta rayu shekara tara bayan haka, tana cin tuwon Dija tana gode wa Allah, ba ta gode wa Dija. Ni kuwa na ɗauki kasko da guntun ƙarfe na zauna a kasuwar Maigatari ina liƙin bokiti da buta da bido, daga baya har da robar babur. Da wannan na ciyar da ku, na kai ku makarantar da kuka koyo gyara mini Hausa. Duk faɗin kasuwar ba mai kawo mini abin da ya fi bokiti girma. In mutum ya zo da babban abu, sai na kusa da ni ya yi masa raɗa, ya ɗauki kayansa ya ce bari ya dawo.

Duk wannan na ɗauka, domin ina da wani abu da nake jira. Na ce a raina Ardo ya sani. Mutum ne mai gaskiya, ya ga abin da ya faru, ya ji abin da na faɗa a Gumel. Ba na son saniya, ba na son ya tara mutane. Ko ta bakin wani ne, ko kalma biyu ce, ya nuna mini ya san abin da na ɗaukar masa, shi ke nan na biya.

Bayan ruwa ya zauna suka dawo. Ya tafi da garken da sai mutum shida suke kora shi, ya dawo da abin da igiya ɗaya ta ɗaure. Na ɗauki Dija da Lawan yana jariri muka je ruga yi masa jaje. Ta shige wajen mata bayan zana, ni na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin taro. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa, amma yana kansa. Na yi gaisuwa, na yi jaje, aka yi addu'a. Ardo ya gyara zama. Sannan ya juya ga ƙanensa.

"Ku gaya wa mijin Dija, na yi ta tunanin tankin nan a hanya. Da tun da safe aka sa wutar kusa, da gam ɗin ya nuna har ciki. Na zo a makare, rabin yini ya riga ya tafi a banza. Amma yaro ne, abin da aka koya masa ya yi. Shanu na Allah ne. Ku gaya masa kada ya sa a ransa. Na yafe masa."

Taro ya ɗauka, Allah ya saka wa Ardo, Allah ya ba mu haƙuri irin nasa. Wani tsoho har da share ido. Na ɗan karkata kunne wajen zana, ko zan ji motsin uwarku, ko tari ne. Lawan kaɗai na ji yana tsotso.

Ba ƙarya ya yi ba, wannan shi ne abin da ya hana ni ko jin haushinsa yadda ya kamata. Haka ya gani, haka ya gaskata, kuma har ya koma ga Allah yana ganin ya yi mini alherin da ba kowane suruki zai yi ba. Ana jiran amsata. Ina durƙushe, kai a ƙasa. Na buɗe bakin nan da ya kasa cewa a janye fitila, na ce wa ƙanen nasa:

"A gaya wa Ardo na gode."